Ina koyar da 'ya'yana a gida, yaushe zan zauna da Ubangiji?

Korona ce ta mayar da ni malamar 'ya'yana. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, na kwaso littattafan babbar 'yata na baza a teburin cin abinci, da niyyar mu riƙa ɗan taɓawa kafin a buɗe. Aka buɗe, mu ba mu koma ba. Kuɗin makaranta a nan Jos ya fara fin ƙarfin albashin maigidana, ga shi kuma yarinyar da ba ta buɗe baki a aji ta soma karanta labari da kanta a gabana. Ina da takardar shaidar koyarwa ta NCE, na taɓa koyarwa a firamare kafin haihuwa ta zaunar da ni. Muka yi shawara da Baban yara, muka sa abin a addu'a, muka ce bari mu gwada. Yanzu uku nake koyarwa, ta huɗu tana goye a baya.

A ƙasar nan abin baƙo ne. A Amurka an daɗe ana yi, doka ta yarda da shi a dukan jihohinsu 50, kuma iyaye suna da ƙungiyoyin da suke taimakon juna. Mu kuwa in na ce yarana a gida suke karatu, sai a dube ni a ce, "Ayya, kuɗi ne babu?" Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya sami ilimin shekara tara na farko, shi ya sa ban ɗauki abin da wasa ba. Manhajar gwamnati nake bi, littattafan da ake karantawa a firamare su nake saya, domin ranar jarrabawar shiga sakandare babu mai ɗaga wa yaro ƙafa don a falo ya yi karatu.

Abin da ba a faɗa wa mace kafin ta shiga shi ne, wannan makaranta ba ta da ƙararrawar tashi. Malamar da ke fita aiki tana rufe aji ta tafi gida. Ni aji ne gidana. Ina gyara wa wannan lissafi, wake yana tafasa a wuta, wancan ya zubar da kunu a kan littafi, jaririya tana neman nono, in kuma aka kawo wuta ko famfo ya fara zuba, dole a ajiye alli a ruga guga da ɗiban ruwa, don ba a san lokacin da za su ɗauke ba. Da dare, bayan kowa ya kwanta, sai duba aikin yara da shirya darasin gobe.

Duk da haka ban taɓa tunanin ibadata tana da matsala ba, don kuwa Littafi Mai Tsarki ba ya barin hannuna. Da shi muke buɗe makaranta kowace safiya: waƙa, addu'a, ayar haddacewa, labarin Yusufu ko na Daniyel. Ranar Lahadi ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Da yamma akwai sujadar iyali. Wanda ya leƙo gidanmu zai ce ai wannan mata a cikin Maganar Allah take kwana take tashi. Amma a zuciyata na bushe. Ina karanta aya, hankalina yana kan yadda zan sauƙaƙa ta ɗan shekara shida ya gane. Ina addu'a da ido ɗaya a buɗe, ina lura da wanda ke tsokanar ɗan'uwansa. Fushina ya yi kusa, abu kaɗan sai tsawa, har babbar ta koyi duban fuskata kafin ta yi tambaya.

Wata dattijuwa a Zumuntar Mata ta cocinmu ce ta sa yatsa a kan ciwon. Ta ga na rage zuwa taro, ta biyo ni har gida, ta zauna tana taya ni gyaran alayyafo. Na ba ta labarin yadda muke buɗe makaranta da sujada, ina ɗan jin daɗin kaina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "'Yata, wannan na yara ne. Naki fa?" Na ce, "Mama, ai tare muke yi." Ta ce, "Mai girki tana wuni a bakin murhu, tana ɗanɗana gishiri, ƙanshi ya cika mata ciki, ta raba wa kowa, ita ta kwana da yunwa ba ta sani ba. Ki zuba naki a kwano ki zauna ki ci."

Wannan ita ce jarabar da ta fi damun uwa mai koyarwa a gida, a ganina, fiye da rashin lokaci. Matar da ke wuni a kasuwar Farin Gada ta san ba ta buɗe Littafi ba yau, lamirinta zai tuna mata. Ni kuwa na buɗe shi sau da yawa, don haka babu abin da ke tuna mini cewa ban saurari Ubangiji don kaina ba.

Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a tashi da asuba, a kawo Markus 1:35, inda Yesu ya fita tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a. Gaskiya ne, kuma na gwada. Sai dai mai shayarwa da ta farka sau da dama cikin dare, in ta durƙusa ƙarfe huɗu cikin sanyin hunturun Jos, barci ne zai ɗauke ta a kan gwiwa. Kuma yarana kamar suna da kunne a ƙasa, ina sauke ƙafa daga gado wani zai ce, "Mama, fitsari." A cikin Markus ɗin nan dai, a sura 6, da mutane suka yi ta kai da komo har almajirai ba su sami damar cin abinci ba, Yesu da kansa ya ce su zo gefe su ɗan huta. Ishaya 40:11 kuma ya nuna Makiyayin yana bi da masu shayarwa a hankali. Na daina auna kaina da awa guda ta asuba da nake yi ina budurwa.

Lokacin da ya zauna mini shi ne bayan abincin rana. Na kafa doka: ƙarfe biyu kowa ya hau gadonsa da littafi, mai barci ya yi, wanda ba ya ji ya yi shiru, ba a kiran Mama sai in jini ko wuta. Da farko an sha kuka da ƙwanƙwasa ƙofa, amma yaro yana sabawa da abin da ba ya canzawa. Ina samun kamar minti ashirin, wata rana fiye. Wayata tana kicin, don in tana kusa, "bari in duba saƙo ɗaya" ne zai cinye lokacin a WhatsApp. Kwanukan da ba a wanke ba suna jirana, ba su taɓa guduwa ba.

Na kuma raba karatuna da na yara. Abin da nake karantawa a wannan lokacin ba ya shiga darasi. In muna Farawa da su, ni ina Zabura ko wasiƙun Bulus. Da Hausa nake karanta nawa, ko da yake makarantarmu da Turanci take, domin da Hausa mahaifiyata ta koya mini addu'a, kuma da ita nake iya gaya wa Allah abin da ke cina ba tare da ado ba. Ba na gudu. Filibiyawa sura huɗu ce kawai, amma na daɗe a cikinta, aya biyu ko uku a zama. Ina da ƙaramin littafin rubutu inda nake sa layi ɗaya na abin da ya taɓa ni, da sunan yaron da ya fi ba ni wahala a ranar, in yi addu'a dominsa. Da wuya ka ci gaba da jin haushin wanda ka gama ambata a gaban Allah.

Labarin Marta da Maryamu a Luka 10, inda Yesu ya baƙunci gidansu, Marta tana ta hidima Maryamu kuwa tana zaune tana sauraronsa, ya daɗe yana ba ni haushi, in faɗi gaskiya. Masu wa'azin da ke sukar Marta, bayan an tashi sujada tuwon wata Marta suke zuwa ci. Amma da na zauna da nassin a hankali, na ga Yesu bai ce girki laifi ba ne. Damuwa da ɗawainiyar abubuwa masu yawa ya ambata, wadda ta kai ta har ta fara ganin laifin 'yar'uwarta da na Baƙon kansa. Wannan alamar na sani sarai. Ranar da na fara lissafa wa maigida abin da nake yi da wanda ba ya yi, na san na kwana biyu ban zauna ba.

Akan ba mu misali da Susanna Wesley, mahaifiyar John da Charles Wesley waɗanda suka kafa tafiyar Methodist. Ta rayu a Ingila daga 1669 zuwa 1742, ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu suka rasu suna jarirai, sauran kuma ita ta fara koyar da su a gidansu na Epworth, awa shida a rana. Ana ba da labarin cewa in tana son yin addu'a sai ta yafa gyautonta na aiki a ka, yaran su san ba a taɓa ta. Abin da na ɗauka a wurinta dai shi ne yadda ta ware wa kowane yaro darensa a mako, su zauna su biyu su yi maganar ransa. Na John daren Alhamis ne. Ni ma na raba wa manyan ukun darare. Amma 'yan'uwa mata, kada a tsorata mu da ita: a gidan limamin Ingila na wancan zamani akan sami 'yar aiki.

Shi ya kawo ni kan taimako, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na zaunar da Baban yara na ce, "Maigida, makarantar nan tamu ce mu biyu." Yanzu sujadar yamma shi ke jagoranta, ni in zauna a saurara kamar kowa, kuma safiyar Asabar yana fita da manyan. Na koma Zumuntar Mata sosai. Ranar taro makaranta tana tashi da wuri, in ɗaura zanen zumunta, a buga tulu da kacau-kacau, in yi waƙa a cikin mata inda babu mai kirana malama. Na ajiye koyarwar makarantar Lahadi na ɗan lokaci. Wasu ba su ji daɗi ba, har aka ce mai NCE guda ta ƙi aikin Allah. Na ce wa fastonmu, "Baba, kwana biyar nake koyar da yara, ranar Lahadi ina bukatar a koya mini." Ya gane, ya sa mini albarka.

Har yanzu akwai makon da zazzaɓi ke zagaya gida, ko baƙi su sauka daga ƙauye, ƙarfe biyun ta wuce ban sani ba. A irin wannan makon, ayar da na haddace da waƙar da nake yi a bakin murhu su ke riƙe ni, in gida ya lafa in koma inda na tsaya. Babbar tana shirin jarrabawar shiga sakandare, ta fara neman ƙarin darasin lissafi da rana, daidai lokacin da na keɓe. Na ce mata ƙarfe uku, ta yarda.