Jana'izar hantsi a ƙauyenmu

Yau da hantsi aka yi jana'izar wani dattijo a ƙauyenmu da ke bakin hanyar Gwarzo, Allah Ya gafarta masa. Da liman ya juyo yana daidaita sahu, sai ga mu sahu biyu kacal, na biyun ma bai cika ba. Tsofaffi ne masu dogara sanda, da almajirai, da wasu magina da suka sauko daga kan bene hannuwansu duk siminti, su ne ma suka kama mana makara. Mazan gari kuwa tun bayan asuba sun yi birnin Kano, wasu Kantin Kwari, wasu Singa, wasu sakatariyar Audu Bako ko Jami'ar Bayero (BUK), ba mai dawowa sai bayan isha'i. Ta waya aka riƙa yi wa iyalan mamacin gaisuwa.

A hanyar maƙabarta na yi ta kallon gidajen nan, doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, sola a kan rufi, kowa da burtsatsensa, inda a da gonakin gero ne da gyaɗa kafin a yanka su fuloti-fuloti. Arziki kam ya shigo, ban musa ba, yaranmu ma motar makarantar kuɗi ce ke kwasarsu. Wani tsoho a gefena ya ce, "Malam, garin nan fa ya zama wurin kwana kawai." Na rasa abin da zan ce masa, don ni kaina maƙwabcin da muke katanga ɗaya na fi sanin hon ɗin motarsa fiye da muryarsa.