Kwalabe 23 da ba su san garinsu ba

Har yau idan na buɗe firizar ɗakin gwajinmu a nan Jidda, idona kan faɗa kan wani ɗan akwati a lungun ƙasa. 'Yan kwalabe 23 ne a ciki, kowace da guntun ƙafar jatan lande a jiƙe cikin itanol, sinadarin da ke hana samfuri lalacewa. DNA ɗinsu lafiya ƙalau yake. Amma ba su da amfani ga kowa, kuma ni na jawo.

Ba jatan landen teku ba ne, ba kuma busasshen da ake dakawa a miya ba. Na rafi ne, mai hannu biyu irin na ƙaguwa, wanda masana ke kira Austropotamobius pallipes. Ranar da na je Makka na nuna wa Kawu hotonsa a Shara Mansur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, a kan wannan kunamar ruwan ka baro Kano?" Ban ga laifinsa ba. Duk faɗin Afirka babu irin wannan halitta 'yar asali sai a tsibirin Madagaska.

Daktan da ke duba aikina, a Turai ya yi karatu, ta wurin abokan aikinsa aka aiko mana samfuri 96 daga rafuka 6: biyu a arewacin Italiya, biyu a Faransa, biyu a Ingila, kowane rafi 16. Ba a kashe ko ɗaya ba. Guntun ƙafa ake yanka a mai da dabbar ruwa, ƙafar ta sake tohowa idan ta yi saɓa. Dole a lallaɓa su, don tun 2010 hukumar IUCN mai kare halittun duniya ta sa su cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Babban abin da ke cinye su wata annoba ce mai kama da fumfuna, Aphanomyces astaci, da ta ɓulla a Italiya wajen 1860. Daga baya aka shigo da wani jatan landen Amurka, ya isa Suwidin wajen 1960, ya isa Ingila a shekarun 1970. Shi yana yawo da cutar abinsa, 'yan gida kuwa idan ta shiga rafi sai ta share su cikin makonni.

Shi ya sa a Ingila suke kwashe waɗanda suka rage su kai wani keɓaɓɓen ruwa da baƙon bai kai ba, wuraren da suka laƙaba wa sunan jirgin Annabi Nuhu. Tambayar da aka ɗora mini ita ce: waɗannan rafuka biyu na Ingila, jininsu ɗaya ne a haɗa su, ko kowanne na da nasa gado da ya kamata a raba? Idan ka ɗebi 'yan kaɗan masu kama ɗaya ka kafa sabon gari da su, auren zumunci ne za a yi ta yi, ranar da wata cuta ta sami lagon ɗaya ta sami na duka.

Cire DNA da sauran matakai duk sun tafi daidai a kan na Italiya da Faransa, ba sai na tsaya a kansu ba.

Kwalaben Ingila ne suka zo itanol ɗinsu ya yi rawaya, wasu ya ragu. Na ce bari in nuna ni mai tsafta ne. Na zuba sabo a sababbin kwalabe, na ɗauki kowace ƙafa da hantsaki na mayar, na rangaɗa lamba a jiki da murfi da baƙar maka. Tsofaffin kwalaben akwai wata 'yar takarda a cikin kowace, an yi rubutu da fensir, dishi-dishi kamar na ɗan aji ɗaya. Har raina ta na yi. Na tattara su duka na zuba a shara. Ranar Alhamis ce, ina sauri in kama motar Makka.

Lahadi na dawo na tarar akwatin ya kife a firiza. Murafu biyu ban ɗaure su da kyau ba, itanol ya tsiyaye ya bi sauran. Na ɗaga kwalba ta farko, yatsana ya yi baƙi, lambar ta zama wani shuɗin dabbare. Itanol yana narkar da tawadar maka, fensir ne ba ya taɓawa. Kowa a wannan harka ya san haka, ni ma an faɗa mini a makon farko. Na ruga wajen shara, ashe tun daren Alhamis aka kwashe.

Garin gyaran gira na rasa ido. Kwana biyu ina haska kwalabe da fitilar waya ta gefe, ina neman sawun da bakin maka ya bari a roba. Na ceto 9 daga cikin 32.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da na Italiya ne suka cakuɗe da na Ingila, da gwajin ƙwayar gadon da ake kira COI ya raba mini su, don nesa suke da juna. Na Ingila kuwa kusan a tafin hannu ɗaya suke, bambancinsu ƙalilan ne, kuma sun yi kama da na Faransa ƙwarai, har wasu masana na ganin daga can aka kai su tun da daɗewa. Wato ɗan siririn bambancin da aka ce in nemo, shi ne na goge hanyar ganinsa. Kwamfuta za ta iya kasa su gida-gida, amma in ba ta ga bambanci ba, ba zan san ko babu shi ba ne ko ni na dagula. Samfuri 9 kuma ba sa isa a yanke wa rafi biyu hukunci.

Dakta bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kai za ka rubuta musu." Ba abu ne da za a ce gobe a koma a ɗebo ba. Doka ta kare su a Ingila, sai da lasisi ake kama su, kuma sai ƙarshen bazararsu, bayan matan sun saki 'ya'yan da suke ɗauke da su a ƙarƙashin wutsiya.

Yanzu kowace kwalba tawa takardar fensir a ciki, lamba a waje, taswirar akwati a littafi, hoto a waya kafin in taɓa komai. Tsohuwar kwalba kuwa ba na yar da ita sai an buga sakamako. Sababbin ɗalibai suna ce mini Malam Fensir a bayan ido, na ji, ban damu ba. Wanda na gani da maka kusa da itanol, ƙwacewa nake yi.

Matar da ta ɗebo samfurin ta amsa wasiƙata bayan kwana 4, layi uku kacal. Ta ce za ta koma rafi ɗaya a watan Agusta. Ɗayan kuwa, annoba ta shiga shi 'yan watanni bayan zuwanta, sun duba sau biyu ba su ga ko ɗaya ba. Wasu daga cikin 23 ɗin nan daga can suke, kuma ban san waɗanne ba.