Siminti ba ya ceton ginin ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Madaki a Kafin Madaki, ƙaramar hukumar Ganjuwa, ya ɗaga kai ya ga bakan gizon rufin da ake danganta wa shahararren magini Babban Gwani, ya san ginin ƙasa yana daɗewa. To, wancan yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta yi wa rajista. Tsofaffin gidajen manoma na ƙauyukan Bauchi kuwa, masu zaure da soro da rumbu, ba su da mai tsaro sai masu su. Abin takaicin, sau da yawa gyara ne ke kashe su.

Babban laifin na yaɓen siminti ne. Bangon tubali yana shan laima yana fitar da ita, siminti kuma ya toshe hanyar. Da zarar ya tsage, ruwan watan Agusta zai kutsa ta bayansa ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe ta ruɓe a ɓoye. Ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa: in ka ji ƙara kamar ta ƙwarya, yaɓen ya rabu da jikin gini. Wata rana sai ya zubo falle guda, ya taho da naman bangon.

Abin da ya dace shi ne a ɓamɓare simintin da rani, a bar bangon ya bushe, a cike ramukan da irin ƙasar da aka yi ginin. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake tattakewa. A yayyafa wa bangon ruwa kafin a yaɓa, in ba haka ba busasshen gini zai tsotse ruwan kwaɓin ya ƙi kamawa. Kada a cika rami mai zurfi lokaci guda, sai kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya sha iska. Daga nan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Sai rufi. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma kanta da ke cikin bango yana ruɓewa idan soro na yoyo. Kuma ba ta son tazarar da ta wuce ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina ke jera ta hawa-hawa. Masu ƙara ƙasa a saman soro duk shekara ba tare da kankare tsohuwar ba, nauyi suke ɗora mata har ta lanƙwasa, ruwa ya samu wurin kwanciya.

Kafin ruwan farko, a hau sama a share indararo, a cire ciyawa da sheƙar tsuntsu. Ya zama bakinsa ya miƙe nesa da bango, a kuma zuba duwatsu inda ruwan ke sauka, don fantsamarsa ce ke cinye gindin gini.