Talata, mun bi ta saman dutse

Yau kwananmu huɗu cikin motar nan mai gado da kicin da muka yi haya a birnin Bergen na ƙasar Norway, kuma wallahi sai yau na ji jikina ya saki. A Aurland muka kwana, dab da ruwa. Abin da suke kira fiyod ɗin nan ba kogi ba ne fa, teku ne ya kutso tsakanin duwatsu, na sa yatsa na lasa na ji ɗan gishiri. Wannan ma reshe ne kawai na Sognefjord da ya shigo cikin ƙasar Norway sama da kilomita 200.

Da safe mun ɗan ja da Abban yara. Shi so yake mu bi ramin mota da ya kai garin Lærdal, kilomita 24.5 a ƙarƙashin dutse, wai minti ashirin mun fita, tun 2000 da aka buɗe shi kowa nan yake bi. Na ce haba Abban yara, mun taso tun daga ina don mu shige rami mu fito ba mu ga komai ba? Ya yi shiru can ya ce to Hajiya, yau naki za a bi.

Sai muka hau tsohuwar hanya, Aurlandsfjellet, kilomita 47, wadda ake rufewa in sanyi ya shigo. Hanyar siririya ce ga kwana kan kwana, in mota ta taho sai ɗaya ya koma baya zuwa inda aka kafa allo mai harafin M ya raɓe, sau uku muna yin haka ni dai salati nake ta yi hannuna riƙe da ƙofa. A Stegastein muka tsaya, wani dandamali ne na katako da ya miƙe cikin iska, mita 650 sama da ruwa, ƙarshensa gilashi. Na daɗe a wurin. Jirgin ruwa a ƙasa kamar ƙwayar shinkafa, ba ka jin ƙararsa sam.

Can sama kuma ga ƙanƙara jibge a gefen titi, a watan Yuni! Ba bishiya ko ɗaya, sai tumaki da ƙararrawa a wuya suna yawonsu ba makiyayi. Nan muka faka na kunna risho na dafa shayi da citta, muka ci burodi da cukun awakin da muka saya jiya a Undredal, ruwan ƙasa ne mai zaƙi kamar alawar madara. Shi bai so ba, ni kam na ƙara.

Awa huɗu muka yi kafin Lærdal, bai ce uffan kan rami ba, hoto ma ya fi ni ɗauka.

Yanzu goma da rabi na dare, gari fes kamar la'asar sakaliya, zaune nake da alwalata ina jiran magariba. Gobe in Allah ya kai mu za mu sa motar cikin jirgin fito a Fodnes mu tsallaka.