Rukunin da ake auna sabon magani da shi

A gwajin magani, mutane sun fi zuba ido ga waɗanda aka ba sabon maganin. Ni ɗaya rukunin nake fara dubawa, wanda ake auna su da shi, domin shi ne tiyar awo. In tiya ta lotsa, awon duka ya ɓaci.

Ƙuri'a ce ya kamata ta raba mutane. In aka bar wa ma'aikaci zaɓi, tausayi kaɗai zai sa ya tura yaron da ya fi jin jiki ɓangaren da yake ganin ya fi. Saboda haka kwamfuta ke jera lambobi, a kuma yi kwalaben iri ɗaya, launi da ɗanɗano, yadda uwa da mai ba da maganin ba za su bambance ba. Haka aka gwada ɗigon rigakafin zawo Rotasiil a Madarunfa ta Nijar, sakamakon ya fito a 2017: cikin jarirai 3,508, zawo mai tsanani na ƙwayar cutar rotabiros ya kama 31 a masu rigakafin, 87 a ɗaya rukunin, wanda aka ba ɗigon da babu rigakafi a ciki.

Auna rukunin bana da na bara kuwa ba ya kamuwa, sai dai a auna su a lokaci guda. A Damagaram zazzaɓin cizon sauro damina yake bi, yaron Satumba da na Afrilu ba halinsu ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cakuɗuwa. Yara biyu a gida ɗaya, uwa ta raba musu kwalba guda. Ko yaron rukunin awo ya yi tari, a sayo masa amoksisilin wajen mai talla, ba a rubuta ba. Bambanci sai ya ragu, a raina magani mai amfani. Wannan na cikin dalilan raba rukunan da ƙuri'a gari-gari, kamar gwajin maganin azitromisin da ake kira MORDOR a jihar Doso, inda mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. A ƙirga kuma waɗanda suka tafi cin rani: in sun fi yawa a ɓangare guda, lissafi ya karkace.

Sai a tambayi me aka ba rukunin awon, kuma nawa. A Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, an yi gwajin sabon maganin Trovan da yara kusan 200, waɗanda ke rukunin awo a cikinsu kuma an ba su tsohon maganin seftiriyakson ƙasa da adadin da aka saba. In aka rage wa tsohon magani ƙarfi, sabon zai haska ko da bai fi shi ba, yaran ne kuma ke ɗaukar haɗarin.