Tarihin Rayuwata (14): Sandar da Babu Komai a Jikinta

Makon jiya na tsaya a inda aka hana acaɓa. Ga wanda bai biyo mu daga farko ba, a watan Janairun 2013 ne, jim kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin Kano. Ni kuwa babur ɗin ma ba nawa ba ne, balas nake kai wa mai shi kullum da daddare. Ya zo ya karɓi abinsa, na dawo zaman dakali.

Yaya Babba ne ya gaji da ganina a ƙofar gida, ya ja ni wurin Koci, mai koyar da ɗaga ƙarfe. Wani kango ne a bayan unguwarmu, an kai ginin linta kuɗin mai shi suka ƙare. Koci tsohon soja ne, ya yi Laberiya zamanin dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOMOG, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu. Kayan aikinsa duk na haɗi ne: gwangwanayen fenti da aka cika da siminti aka soka musu bututu, tsofaffin ƙarafan gingimari da ya tsinto a Ƙofar Ruwa, bencin katako da aka lulluɓe da yagaggen buhu, sai wata tayar tarakta da ake kifarwa. Kowane ƙarfe sai da ya kai shi sikelin 'yan gwangwan aka auna, ya rubuta nauyinsa da farin fenti a jiki. Akwai mai kilo 17, akwai mai 23, babu biyun da suka zo daidai, shi ya sa kafin a ɗora kaya a sanda sai an tsaya an yi lissafi.

Ranar farko na shiga ina hura hanci, don tun ina yaro nake ɗaukar buhu a shagon Kawu. Koci ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini sanda tsurarta, ko gwangwani ɗaya babu a jiki.

"Ɗora a kafaɗa, ka tsuguna, ka tashi."

"Oga, ni fa na saba da buhun siminti."

"Na ji. Tsuguna."

Na tsuguna, sai ya sa tsinken tsintsiya ya taɓa dugadugaina. Sun ɗaga daga ƙasa. Ya taɓa gwiwoyina, sun karkato ciki. Ya zagayo ya taɓa gadon bayana, ya ce wannan bayan idan aka ɗora masa kilo 60 a haka, kafin in kai shekara arba'in da sanda zan riƙa zuwa masallaci. Haka na yi ta fama da sandar nan makonni, yaran da na girme musu suna ɗaga gwangwanaye suna yi mini dariya ƙasa-ƙasa. Abin da yake so shi ne ka cika cikinka da iska ka riƙe, ƙirji a miƙe, nauyi a tsakiyar tafin ƙafa, ka sauka har cinya ta wuce saitin gwiwa, sannan ka tura ƙasa da ƙafa ka miƙe. In ka saki numfashin tun kana ƙasa, sai ya ce ba ka yi ba, sake.

A wannan tsakanin ne Baffa ya tare ni. Na dawo da hantsi, riga sharkaf, tafin hannu duk kanta ta fara fitowa, yana zaune a zaure da mutanensa suna shan koko. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba, sai ya juya wurin baƙinsa ya ce, "Kun ga ɗan marigayi. Ƙwanji yake tarawa. To ƙwanji dai ba ya cefane." Aka yi dariya. Ɗaya daga cikinsu har da ƙwarewa.

Da a ɗaki ya kira ni ya faɗa, da tuni na manta. Amma a zauren da mahaifina ya gina, a gaban bare. Kuma mutumin da yake maganar cefane, tun rasuwar Baba ko ƙwayar gero bai taɓa aiko wa Inna ba, alhali gonar Gezawa tana hannunsa. Wannan maganar gonar tana nan zuwa, ba yau ba.

Koci ba ya yarda a maimaita gaɓa ɗaya kwana biyu a jere. In yau ƙafa da baya aka ci wa mutunci, gobe ƙirji da kafaɗa ne, ranar Laraba kuma ba a taɓa ƙarfe, ana idar da asuba za mu ɗauki hanya da gudu har Goron Dutse, mu hau mu sauko, shi yana biye da mu a tsohon kekensa. Lokacin hunturu ƙura ta shiga maƙogwaro, leɓe ya tsage, ba ya ɗaga ƙafa. Juma'a hutu, kuma hutun dole, wanda ya kama ya je wani wuri ya ɗaga a ɓoye sai ya yi tsallen kwaɗo ya zagaye kangon. Yakan ce ba a wurin ɗagawa nama yake ginuwa ba, a kan tabarma yake ginuwa, lokacin da mutum yake barci. Abinci kuwa bai taɓa aika mu sayen garin gwangwani na kanti ba. Wake, ƙwai in an samu, ƙuli-ƙuli, fura da nono, awara. Inna ta fara ƙara mini ludayin ɗanwake ba tare da ta ce komai ba.

Akwai wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a cikin leda. Kowa da shafinsa: rana, nauyi, sau nawa. Biyar-biyar muke yi, a huta, a sake. In ka cika adadinka da kyau, zuwa na gaba zai ƙara maka ɗan ƙaramin ƙarfe, kilo biyu ko uku, ba ya wuce haka ko da ka rantse masa za ka iya goma. Ranar da kuma ka zo ido ya faɗa, bai tambaye ka ba zai rage, ya rubuta. Mai gardama sai ya ba shi labarin Yakubu Adesokan, wanda ke kan keken guragu, nauyinsa bai wuce kilo 48 ba, ya kwanta a benci a gasar Olamfik ta naƙasassu a Landan a 2012 ya ɗaga kilo 180 ya ciyo wa Najeriya zinare. "Kana tsammani ranar farko ya fara da 180? Sannu ba ta hana zuwa."

Na ce zan bi a jere, amma abin yana cina. Shekaru bayan haka, da na nemi auren farko, wanda bai yiwu ba, dangin yarinyar suka zo bincike, kuma ina za su je in ba wurin Baffa ba, shi ne uba. Daga baya Gwaggo ta tsegunta mini abin da ya gaya musu: wai yaron ba laifi, sai dai ɗan ƙarfe ne, kuma kun san su da 'yan daba da 'yan ƙwaya duk tafiyarsu ɗaya. Aka dawo da kayan na-gani-ina-so a cikin ledar da muka kai su.

'Yan ƙwaya! Wurin da Koci yake shinshina bakin mutum in bai yarda da idonsa ba. Da idona na ga ya kori yaron da ya fi kowa ƙarfi a cikinmu, don ya ga sacet ɗin tiramol a aljihunsa, yaron yana kuka yana ba da haƙuri, iyayensa suka zo, Koci ya ce sai bayan wata uku, kuma ya koma kan sanda tsurarta. Masu yawo da allurar kumbura damtse ko ƙofar kangon ba sa bi. Sai a 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, shi kuwa tun muna yara a wurinsa ya haramta nasa. Baffa bai taɓa taka ƙafarsa ya leƙa ba. Daga zaure ya yanke hukunci.

Azumin 2013 ya faɗo a watan Yuli, cikin damina. Koci ya mayar da atisaye bayan asham, ya rage wa kowa nauyi, ya soke gudun Goron Dutse gaba ɗaya. Da fitilar caji ɗaya rataye a ƙusa muke yi, sauro yana cizo, ruwa na ɗiga ta inda aka yafa kwano. A cikin watan nan ne ya fara barina in taɓa babbar sanda, wadda ya ce nauyinta kilo 20 daidai irin ta gasa, ita kaɗai ce ba haɗin gida ba. Ban san inda ya samo ta ba, kuma ba a tambayarsa.

Bayan Sallah wani abokinsa ya ce ana neman masu lodi a kasuwar hatsi ta Dawanau, kakar riɗi ta kusa. Koci ya tura mu mu uku. Can na ga amfanin tsinken tsintsiyar nan. Ƙarti da suka fi ni girman jiki suna sunkuyawa su fizgi buhu da ƙugu, kafin la'asar sun riƙe baya suna neman mai shafawa, ni kuwa in tsuguna, in rungumo shi jikina, in tashi da cinya. Kuɗin farko da na samu na sayo mudu biyar na shinkafa, manja da kifi busasshe, na bi ta zaure da su a ka da gangan. Baffa yana nan zaune. Ya kalli kayan, ya kalli gefe, ya ci gaba da jan carbinsa. A daren nan an kai masa kwanonsa kamar kullum, kuma kwanon ya dawo wayam. Ƙwanji ba ya cefane. Har ya koma ga Allah bai janye ba, ni ma ban roƙe shi ya janye ba. Allah ya jiƙansa, amma sai na rubuta.

A Dawanau ɗin ne na haɗu da Alhajin da ya fara ba ni ajiyar mukullin sito, wanda sanadinsa na bar dako, kuma sanadinsa muka yi wata shida ba ma ga maciji da Koci. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.