Gam ɗin da ya cinye min mararraba biyu a layin dogon sikelin Z

Duk wanda ya ce maka ana zuba tsakuwa a ɗan ƙaramin layin dogo na kwaikwayo na sikelin Z kamar yadda ake zubawa a na HO, sikelin da ya fi shi girma, to bai taɓa yi da hannunsa ba. Har yau in na tuna wannan shawara sai raina ya sosu, don ita ta kashe min mararraba biyu sababbi ful, wato guntayen layin da ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan, a daidai lokacin da aikin ya kusa kai gaci.

Rashin wuri ne ya kai ni ga Z. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, a bikin baje kolin kayan wasa na Nuremberg: kashi 1 cikin 220 na girman jirgin gaske, tsakanin ƙarafan layin kuma milimita 6.5 kacal. Taragon fasinja mai tsawon mita 26 da ɗoriya yana dawowa santimita 12, mutum a tsaye kuwa milimita 8. Akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta, wato T na Japan mai faɗin layi milimita 3, wanda sai da aka sa maganaɗisu a ƙafafunsa kafin ya riƙe layi, amma can idona ba zai kai ba.

Shimfiɗa layin bai ba ni wuya ba. Allon katako, soso mai tauri a kai, zagaye ɗaya, sai layin kauce guda a gaban tasha, wanda shi ke buƙatar mararraba biyu. Na ɗauki kwana mai nisan milimita 195 daga cibiyarta maimakon mai 145, don dogayen taragai ba sa kyan gani a matsattsiyar kwana. Na kunna wuta, kan jirgin ya ja taragansa sumul, ya shiga layin kauce ya fita ba gargada. In ka danna maɓalli sai ka ji ƙas, harsunan mararraba, wato 'yan ƙarafanta masu motsi, sun koma ɗaya gefen. Wannan ƙas ɗin ba ƙaramin daɗi yake min ba.

Sai aka zo kan tsakuwa. Abin da kowa ke faɗa shi ne: baza ta da buroshi, jiƙa ta da sifirit, ka haɗa farin gam da ruwa rabi da rabi, ka ɗiga sabulun ruwa a ciki, sannan ka zuba har ta jiƙe sharkaf. Ba wanda ya ƙara da cewa aikin sifirit da sabulun nan shi ne su sa ruwan gam ya kutsa duk wata kafa da ya samu. A HO mararraba tana da girma, tana da sarari, ɗan abin da ya shiga ba ya saurin hana ta motsi. A Z kuwa ratar da ke ƙarƙashin harsunan ba ta wuce a zura takarda ba, ga kuma akwatin koyil, naɗin wayar da ke motsa harsunan, manne a gefenta, dab da inda ake zuba gam ɗin. Ban ɗiga ko ɗigo ɗaya a kan mararrabar ba, na bar tazara kamar faɗin yatsa. Ruwan da kansa ya bi ta cikin tsakuwa ya je can.

Washegari na danna maɓalli, ba ƙas, sai wani gunji ƙasa-ƙasa. Harsunan sun sandare. Na jiƙa ta farkon da ruwan ɗumi har ta ɗan saki daga sama, amma ciki na nan a daskare. Koyil ɗin nan an yi shi ne don taɓi ɗaya a saki, ba ya jure a riƙe masa wuta. Ina ta gwadawa sai na ji ƙaurin roba, shi ke nan ta tafi. Ta biyun kuma wajen ɓamɓaro harshenta da tsinken sakace ya lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani sosai, amma duk taragon da ya zo sai ya hau kai ya kife. Ciro su daga cikin tsakuwar da ta zama kamar siminti ya tafi da guntayen layin da ke maƙwabtaka da su. Mararraba mai aiki da wuta tana cikin mafi tsadar guntayen layi, wannan kowa ya sani.

Ko da na sa sababbi, gam ɗin bai gama da ni ba. Jirgi na cikin tafiya sai ya tsaya cak a bayan zagaye, in ka taɓa shi da yatsa ya ci gaba. Na goge layi, na goge ƙafafu, na zargi injin. Sai da na ɗauko mitar gwada wuta na bi gaɓa-gaɓa, sannan na gano wuta ba ta ƙetare wasu mahaɗai biyu. Ruwan gam ya shiga 'yan ƙarafan da ke ɗaure guntun layi da ɗan'uwansa, ya bushe a ciki, ya raba su. Maganin shi ne ƙarin wayoyi daga ƙarƙashin allo, a liƙa su da dalma a gefen ƙarfen ta waje, da hanzari, don in ƙarfen dalma ya daɗe robar ƙasan layin narkewa take yi. Da an gaya min tun farko, da kafin tsakuwa na sa wayoyin nan, ba sai na fasa abin da na gina ba.

Lissafin da ya buɗe min ido shi ne ninka komai sau 220. Tudun rabin milimita a mahaɗar layi, a jirgin gaske santimita 11 ke nan. Ƙwayar tsakuwa mai milimita ɗaya dutse ne mai santimita 22, shi ya sa wadda ta dace ba ta wuce kashi uku cikin goma na milimita ba. Kan jirgin kuma ba shi da nauyin da zai danne datti ya samu wuta, don haka ɗan fatar gam da ya bushe a saman ƙarfe ya isa ya tsayar da shi.

A karo na biyu ga yadda na yi, kuma ba na jin zan sake hanya. Ƙarƙashin mararraba fenti na shafa mai ruwan toka, kalar tsakuwar, ban sa ko ƙwaya ba. Na rufe harsuna da akwatin koyil da salatif. Gam ɗin da sirinji na riƙa sa shi ɗigo-ɗigo daga gefen waje, ɗan wuri kaɗan a lokaci guda, in bari ya bushe kafin in matsa gaba. Kusa da mararraba kuwa gam mai kauri na shafa a ƙasa, na barbaɗa tsakuwa a kai, don mai kauri ba ya yawo. Yana bushewa ina motsa harsunan da hannu. Kafin ya kama, na bi gefen cikin ƙarafan da matsefata ina tsince ƙwayoyin da suka maƙale, domin nan bakin ƙafar jirgi ke bi, ƙwaya ɗaya tana iya kayar da tarago. Saman ƙarfe kuma nan take nake share shi da ƙyalle mai sifirit. Samfefa kada ta kusanci layin, kartar da take bari ita ke tara datti daga baya.

Wasu na raina layin da ke zuwa da tsakuwarsa ta roba a jiki, irin na kamfanin Rokuhan ko Micro-Trains, wai bai yi kama da na gaske ba. Ni dai ga mai farawa shi zan ce ya ɗauka. Ka ɗan dishe ƙyallinsa da fenti, daga nisan da ake kallon Z ba mai ganewa, kuma mararrabarka na nan lafiya. Wani abu da ya kamata in faɗa: kayan Märklin na Z volt 10 ne iyakarsu, kada ka jona musu taransifomar HO don tana kusa da hannu. Ka kuma yi wa allon murfi tun ranar farko saboda ƙura.

Yanzu jirgin yana ratsa mararrabar biyu a tafiyar hawainiya ba ya tsayawa, kuma a Z wannan ne gwajin da ya fi wuya. In ka sunkuya da gilashin ƙara girma za ka ga babu tsakuwa a ƙarƙashinsu, in ba haka ba sai an nuna maka. Akwai ta uku da zan ƙara don wurin ajiye taragai, tuni na shafa fenti a gurbinta na huda ramin wayarta, tsakuwa ba za ta je wajen ba.